Oba-Oba a Hannun Jibir

Ungwan Kwari,
ta hanyar Gidan Waya.
9 ga Maris.

Afiniki, Tamar matar Kaleb tana da juna biyu! Wata uku ke nan, sai jiya ɗan naki ya iya buɗe baki ya faɗa mini, yana sosa ƙeya kamar wanda akuyarsa ta ci gonar maƙwabci.

Yi haƙuri, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ciwon gwiwa? Yaya ɗanmu Simon da iyalinsa, da mutanen Sabon Tasha? Mu nan lafiya lau.

Na san abin da zai fara zuwa ranki, domin shi ya fara zuwa nawa. Shekara huɗu ke nan da 'yarmu Milka ta tafi a kan naƙuda, ni ina tsaye a gindin dutse ina ɗaga waya sama, babu sabis. Kin ce ba za ki sake kwana a garin da ba a iya kiran mota ba, kika koma wurin Simon. Ban taɓa ganin laifinki ba.

Har yau sabis bai haura dutsen nan ba. Amma mun kafa ƙungiyar agaji, mu goma sha ɗaya, saboda masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara a gonar citta. Nas Lucy ta asibitin bakin titi ta ce idan kira ya kai gare ta, mota za ta taso. Shi ya sa muke neman oba-oba, rediyon nan na hannu da ake magana da shi ba sai da sabis ba.

Kaleb ya ga wasu a kasuwa a Kaduna, masu araha, mai sayarwa ya rantse suna kaiwa har Jos. Na ce ya nuna takardar hukuma, ya ce takarda ta masu tsoro ce. Lucy ta ce irinsu suna faɗawa layin jami'an tsaro, wanda aka kama da su kuma sai ya yi bayani a bayan kanta. Masu takarda kuwa, tun da cuta ta cinye mana citta, ko kallonsu ba ma iyawa saboda tsada. Muna dai nema. Ki sa mu a addu'ar zumuntar mata.

Naki har kullum,
Azariya.

17 ga Yuni.

Uwar Kaleb,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Na ji Simon ya ce kin karanta wasiƙata sau biyu kin ninke kin ajiye. Ba komai. Tamar tana nan lafiya, cikin ya fito sosai, ba ta son warin daddawa.

Mun samu! Wani kamfanin fasa dutse ya gama aiki, ya sayar mana da tsofaffin nasu guda huɗu, irin waɗanda hukumar sadarwa ta amince da su. Ikilisiya ta tallafa, mutanen ruga suka kawo ɗan maraƙi. Ni na cika takardar neman izini da hannuna. Kin tuna kina yi mini dariya ina tafiya ajin yaƙi da jahilci da furfura, fensir a kunne? To ga ranarsa. Sau biyu ana dawo da ita, a na uku aka ba mu layinmu.

Ranar gwaji kuwa na sha kunya. Na tsaya ƙofar coci na yi ta kiran Lucy, shiru, sai shuuu kamar ana soya ƙosai. Ba su da ƙarfin haura dutsen. Kaleb ya ce ga takarda nan, in ce mata ta yi magana.

Washegari Jibir ya zo da nono. Kin san shi, Bafulatanin da muka zauna benci ɗaya a aji, wanda yake kirana Kaɗo mai kan kwakwa. Ya ce shi kullum yana kan dutsen da shanu, daga can yana ganin rufin cocinmu, yana ganin rufin asibiti. Muka hau tare da guda ɗaya. Afiniki, muryar Lucy ta fito tar, ta Kaleb daga cikin gari ma haka. Wato mu kira Jibir, Jibir ya kira Lucy. Da yamma kuma bukkarsa tana kafaɗar dutsen, nan ma yana kamawa.

A taro aka yi ta hayaniya. Wasu suka ce bayan abin da ƙasar nan ta gani, ba za a sa kunnen gari a hannun Bafulatani ba. Ban ce ba su da dalilin tsoro ba. Na dai tambaye su wa zai bar gonarsa ya zauna kan dutse daga safe zuwa yamma. Da aka rasa mai ɗaga hannu, aka yarda a ba Jibir.

Shi ma Jibir ɗin da farko ƙi ya yi. Ya ce Bafulatani a kan dutse da oba-oba gawa ne, ba wanda zai tsaya tambayarsa. Sai a nan Kaleb ya gane amfanin takarda. Muka sa sunan Jibir cikin jerin 'yan ƙungiya, muka kai shi wurin dagaci, da ofishin 'yan sanda, da shingen sojoji. A shingen ya bi layi da yatsa ya karanta musu sunansa da kansa. Yanzu takardar tana cikin leda a malafarsa. Makon jiya 'yan sintiri sun tare shi, ya ciro ta, har suka sha nono.

Ban ce ki dawo ba. Ina dai faɗa miki yadda muke.

Mijinki,
Azariya.

21 ga Agusta.

Afiniki, mace ce! Uwa da 'ya duk suna raye!

Ina gaishe ki, ina gaishe da kowa, ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talata da hantsi naƙudar Tamar ta taso, saura mako biyu a lissafinsu. Kaleb ya tafi Kafanchan sayen taki. An kwana ana ruwa, rafi ya cika. Matan da ke ɗakin suka fito suka ce jini ya yi yawa. Na ga fuskokinsu, irin fuskokin ranar Milka ne.

Na ɗauki oba-oba na danna na kira Jibir. Ƙa'idar ita ce ka faɗi magana, ka saki madannin, ɗan'uwanka ya amsa. Ni na koya wa kowa wannan. Amma ni ne na manta. Na riƙe shi gam ina ta kira, ban ji amsa ba, na ɗauka ya mutu kamar wayar ranar Milka. Na durƙusa a tsakar gida da shi a hannu, ina kuka ina roƙon Ubangiji kada ya maimaita mana. Na kira sunan Milka. Na kira naki, na ce da kina nan da kin san abin yi.

Ashe duk Jibir yana ji. Ya kasa amsa mini, ya kasa kiran Lucy, domin na toshe layin. Sai ya bar shanunsa, tsoho da shi, ya gangara ɗaya gefen da gudu har inda sabis yake kamawa, ya kira ta da ƙaramar wayarsa. Da yatsana ya gaji ya saki, muryar da na fara ji ita ce tasa, ya sake hawowa dutsen, yana haki: Kaɗo, saki abin nan, mota ta taso, ku kawo ta bakin rafi.

'Yan ƙungiya suka haye da ita a kan ƙyauren ɗakinki, ruwa har ƙugu. Lucy tana tsallake tana jira. Ƙarfe biyu aka haihu. An ƙara wa Tamar jini leda biyu, jiya har ta sha kunu ta yi mini tsiya.

Shanun Jibir sun shiga masarar mai unguwa, wanda ya fi kowa hayaniya a taro. Mai unguwar ya ce a bar maganar. Jibir kuma ya bi gari yana faɗa wa kowa wai ya ji dattijon coci yana kiran matarsa kamar ɗan maraƙi. Ban musa ba. Gaskiya ce.

Kaleb yana so a sa wa yarinyar Milka, amma ya ce sai da bakinki. Za a miƙa ta a coci ranar Lahadi ta biyu ga wata. Na gyara rufin ɗakinki, ƙyauren ma na mayar, ya ɗan karkace. Ki zo, Afiniki. Ki taho da Simon da yaran da duk wanda ya samu wuri a mota. Ku zo ku ga hancinta, naki ne sak. In kun iso bakin titi ki shiga wurin Lucy ki ce ta ba ki oba-oba, ki kira ni da kanki. Jibir zai miƙo mini maganar.

Ni ne mai jiranki,
Azariya.