Hoton da Ba Ka Ɗora Ba

Yaya Abdulmajeed,

Jiya da ka ce, "Wane ne wannan mai farar hula a foldar hotunanki?" na ce maka, "Ba kowa." Ƙarya na yi, ka yi haƙuri.

Da safen nan na buɗe shafina a waya, wallahi sai da na yi ƙwalla. Sati biyu ina fama. A kwamfutata waƙoƙin tsaf, da na ɗora su a intanet sai su fito tsirara, ba launi ba hoto, kamar takardun ofishinku. Ashe rubutun kaɗai nake turawa, ina barin fayil ɗin ado da foldar hotuna a baya. Yanzu ga ruwan hodata, ga duwatsun Karshi a saman waƙar farko, ga Baba yana dariya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Na ƙirga fa. Hotuna sha huɗu ne a foldar, sha uku ka ɗora. Da ka tura duka, da a intanet Mama za ta fara ganinsa, don ita na fara aika wa adireshin. Ka rufa min asiri, ko tsiya ba ka yi min ba.

Sunansa Al-Amin. Waƙoƙin nan, ban da ta Baba, duk don shi na rubuta.

Na wuce Kuje, kana barci. Kar ka goge hoton. Kafin in fita na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Mama, ranar Asabar akwai wanda zai zo gaishe ki."

Ƙanwarka,
Kauthar