Na goge ordinatarka tas, Yaya

Zuwa ga Yaya Iliyasu, duk inda motarku ta tsaya bayan Séguédine.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, a nan shafin sada zumunta na rubuta inda abokanka na fada, majalisarku ta shan shayi, za su gani, tunda a gabansu ka fara.

Saƙon muryarka ya iso. Ka ce a sayar da ordinatarka, kwamfutar nan taka, a sayi hatsi. Gaskiyarka ce. Damina ta ƙi, hatsi ya yi tsada, tun da sojoji suka karɓi mulki kuma baƙin da ke sayen azurfar Baba ba su ƙara zuwa ba. Ka kuma ce, "Rakiya, ki kwashe mini waƙoƙina a kilen USB kafin ki sayar." Wai ni. Ko kunya ba ka ji ba.

Ka tuna labarin da na rubuta a cikin ordinatar? Na wata yarinya da ke leƙen wani mai ɗinkin sirdi ta ƙofar zaure. Na sa masa suna Mahamadu don ban iya ƙirƙiro wani sunan ba, hannuna ya ƙi. Da na gama na ji tsoro, na danna supprimer, wato goge, na kwanta hankali kwance. Ban san akwai wani kwando da suke kira corbeille ba, inda abin da aka goge ke zaune yana jiran mai tono.

Kai ka sani. Ka tono shi, ka kai fada, ka karanta musu da muryar mata ana zuba shayi, Mahamadu na gaske na zaune a wurin. Har yau idan zan je lakwal, makarantarmu, sai na zagaya ta bayan masallaci. Yaran unguwa na kirana Madam Sirdi. Da na yi kuka cewa ka yi, "Haba, wasa ne."

To ga nawa wasan.

Na tambayi madam ɗinmu ta informatique, mai koya mana kwamfuta, yadda ake goge abu ya gogu. Na fita daga duk akwatunan saƙonka. Na zaɓi réinitialiser, wato a mayar da ita sabuwa, na zaɓi a goge komai, na ƙara da nettoyer, wanda ke bi ya rubuta wofi a kan gurbin kowane abu yadda ko mai gyara ba zai iya dawo da shi ba. Ya ɗauki yini, ina ta addu'a kada a ɗauke wuta. Ina zaune ina kallon layin na tafiya, wallahi kamar jaruma a babin ƙarshe.

Labarina ya tafi. Hotunanka da rawani kan tudun yashi sun tafi. Na yarinyar nan ta Fachi da kake ɓoyewa ma, na kalle ta sosai sannan ta tafi. Mai sayen ya buɗe ya tarar da ita fayau. Inna ta samu hatsinta.

Waƙoƙin kuwa, na kunna ɗaya don in yi dariyar muryarka kafin ta mutu. Sai na ji jitarka, can baya kuma Inna na kiran ka ka zo ka ci tuwo, kana cewa "Ina zuwa." Na kasa barin su su mutu.

Suna cikin kile. Na ɗinke shi a fata na rataya a wuya, kowa ya ɗauka laya ce. Ba zan aika maka ko ɗaya ba, ko ka roƙa, ko ka haɗa ni da Inna. Ba su ko'ina a duniya sai a wuyana. In kana so ka dawo da ƙafarka, ka zauna a fadar nan, gaban mutanen nan, ka ba ni haƙuri da muryarka ta maza.

Allah ya tsare ka daga ƙishirwa da ɓatan hanya, ya dawo mini da kai da rai, don ban gama da kai ba.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Rakiya