Kujerar Baya Na Roƙa Wa Yaya Auwalu

Assalamu alaiki Umma, da rahamar Allah da albarkarsa. Ina gaishe ki daga Fagge inda kika bar mu, da fatan makwancinki ya fi ɗakin da kika bari sanyi da yalwa. Bayan haka, ƙara na kawo miki. Na san mutane za su karanta, su karanta ɗin, da ma har da su nake.

Kin tuna yadda kike kai Yaya Auwalu gidan Malam Taju, Bayeraben nan na bayan layinmu da ya fi mu iya Hausa, inda 'yan wasan kwaikwayo suke gwaji a tsakar gida? Ki zaunar da shi a bakin zaure ki shiga hira da matan gidan. Mutumin da ba ya haɗa ido da kowa, wanda ƙarar injin markaɗe take sa shi toshe kunne, sai ga shi ya kafe 'yan wasa da kallo har a tashi. Maƙwabta na cewa iska ce, ke kina cewa, "Haka Allah ya yi shi, ku dai rage murya." Daga baya na yi ta karance-karance a waya da tsofaffin littattafan da ake zubewa a bakin titi a Sabon Gari, har na ga sunan abin galahanga, wasu su ce otizim.

Tun rasuwarki ni nake kai shi. Daga shagon telan da yake yi wa guga sai gidan Malam Taju ranar Asabar, bayan nan ba inda yake zuwa. Yana guga yana maimaita wasan, kowa da muryarsa, har mai shayin da ke cikin wasan.

Rannan ya ce yana so ya ga na gaske, wanda za su yi a zauren wata makaranta a Sabon Gari. Na je na sami Malam Taju na roƙi kujera a baya, kusa da ƙofa, nesa da lasifika, in kuma za a buga ganga a sanar da ni tukuna. Ya dafa kafaɗata ya ce Auwalu nasu ne, in bar masa komai.

Umma, kin san mutanenmu da karramawa. Muna shiga wasu samari masu ƙyalle a ƙirji suka tare mu, suka wuce da mu har gaba, babban teburi, ga lemo ga furen roba. Aka ajiye shi kusa da wani Alhaji ɗan Kasuwar Singa, lasifika mai girman firij a ƙeyarsa. Na ce ba nan muka yi ba, aka ce ai wulaƙanci ne a kai shi baya.

Ban rufe baki ba mai gabatarwa ya hau dandamali. Ya gama jero manyan baƙi, sai ya ce yau akwai baƙo na musamman, wani bawan Allah mai lalura, kowa ya miƙe a tafa masa. Ya dinga jan sunan nan a lasifika kamar a filin ƙwallo, sunan da ke, saboda kunyar ɗan fari, ko a ɗaki ban taɓa jin kin faɗa ba. Mai kalangu ya matso, wata ta rangaɗa guɗa, wayoyi suka taso da fitilu a fuskarsa.

Yaya ya toshe kunnuwa ya fara jijjiga, can ya shige ƙarƙashin teburi, kwalabe suka zube. Wata baiwar Allah ta hau tofa masa addu'a, wani yana cewa a riƙe shi. A riƙe shi fa, Umma, mutumin da ko ke sai kin nemi izini kike taɓa shi. Abin da ya fito daga bakina a wajen ba zan rubuta miki ba. Ya fice a guje, sai wajen tashar jirgin ƙasa na cim masa.

Daga ranar gugarsa ta koma ta shiru. Ya canza hanyar shago don kada ya bi ta ƙofar Malam Taju. Asabar ta zo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Abu ɗayan da kika bar masa a waje, sun karɓe da tafi.

Malam Taju ya zo ban haƙuri, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya zo, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Lambar yabo ya riƙo, wadda ba su samu sun ba shi ba, yana cewa wani karon za su yi abin da ya fi haka. Na ce, "Malam, karramawarku ce ta kore shi. Kada ku ƙara masa komai, ragewa za ku yi. Ku sake wasan ba lasifika, ba kiran sunan kowa." Ya ji zafi. Ya ce a Kano wa zai zo taron da ba a kira sunansa ba, wa kuma zai zuba mai a janareta? Na ce a yi da rana, su ɗaga muryar da Allah ya ba su kamar yadda suke yi a tsakar gida. Sai da aka kira magariba ya yarda da Asabar ɗaya, ya ce don darajarki ne, ba don bakina ba.

An yi shi jiya. Ba lasifika, ba babban teburi, ƙofa da tagogi a buɗe, mai son fita ya fita ya dawo. Wasu mata suka zo da 'ya'yansu, 'yan unguwarmu fa, yaran da ban taɓa gani a waje ba. Ɗaya yana ta zagaye zauren, ba wanda ya ce masa kanzil. Abin da aka yi ta rigima a kai ke nan.

Yaya ya bi ni da ƙyar, kuma ya ƙi shiga. A bakin taga ya tsaya. Wani saurayi ya taso da kujera zai kai masa, na harare shi ya koma. Wasa ya kai rabi, Yaya ya juya ya kama hanya, na bi shi ina cewa shi ke nan.

Mun kusa gida ya yi magana, idonsa a ƙasa. "Sun tsallake wurin mai shayi. Ka gaya musu su gyara kafin Asabar."

Umma, Asabar ɗaya aka ba ni. Gobe zan koma ƙofar mutumin da na gama gaya wa magana, in durƙusa in roƙi wata. Ke kika iya wannan, ni ban iya ba, amma zan je.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna. Ya ba ni ko kaɗan daga haƙurinki, ya kama mini harshena gobe har a ce mini to.

Autanki mai baki,
Habibu