Ni Na Saki Igiyar Da Ta Karya Ƙafar Audu

Assalamu alaikum Malam, da kai da jama'ar da ke taruwa a zaurenka ranar Juma'a ana karanta takardun masu neman shawara. Kada a nemi sanin ko ni wane ne, sunayen da zan faɗa ma na sauya su. Don girman Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, ni kaina na riga ku.

Ni heluma ne, shugaban leburori, a wani kamfanin Turawa mai sayen manja a bakin tekun Ankara ta ƙasar goro. Aikinmu gangaro da gangunan manja daga sito zuwa bakin ruwa, inda kwale-kwale ke kwasa su kai jirgi. Wurin gangare ne, don haka mutum biyu ke yi: ɗaya a sama riƙe da igiya yana sassautawa kaɗan-kaɗan, ɗaya a ƙasa yana daidaita ganga. Na ƙasa, ransa a hannun na sama yake. Wanda nake yi da shi Audu ne, ɗan maƙwabcinmu a Zango, unguwar Hausawa. A gabana ya tashi, ni na roƙa masa aikin, Yaya yake ce mini.

Ranar da abin ya faru ina sama, sai ga tsohon malamina, wanda ya koya mini karatun allo, ya biyo ta bayan sito. Ku faɗa mini, wane ɗan halak ne zai gai da malaminsa a tsaye? Wallahi jikina ne ya riga hankalina. Na durƙusa, na kai hannu ƙasa, na ce, "Allah gafarta Malam," igiya kuwa ta zame. Tsoho ya wuce abinsa, dama kunnensa ya yi nauyi. Ni kuma na ji ƙarar da har yau ba ta bar kaina ba. Ganga ta bi ta kan ƙafar Audu, ƙashi ya huda fata ya fito.

Ƙa'idar kamfani ita ce, wanda ya ji ciwo a bakin aiki, in heluma ya shaida, su za su kai shi asibitin Turawa, su ɗauki nauyin magani da cinsa har ya tashi. Amma sai an bincika laifin wa, kuma heluman da ya yi sakaci korarsa ake yi, wani ma har kurkuku. Ina da tsohuwa, ina da yara. Tsoro ya shige ni, Shaiɗan ya ba ni baki. Da leburori suka taru suna cewa a kira akawun kamfani, sai na daka musu tsawa: "Asibiti? Ba ku san zarto likitan Bature yake sawa ba? So kuke a binne Musulmi da rabin jiki?" Suka janye maganar, don dukkanmu da wannan tsoron muka girma. Na ce musu igiya ce ta tsinke. Muka ɗauke shi ta bayan gari zuwa wurin mai ɗori a Zango. Na dawo na shaida wa akawu cewa Audu a gida ya faɗo yana gyaran rufin ɗaki. Kunyata! Ko muryata ba ta yi rawa ba.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, ya ɗaure da karare, ya shafa abin shafawa. Da farko muka ce sauƙi ya samu. Yanzu ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ba ya sauka, in ka shiga ɗakin sai ka daure kafin ka iya numfashi. Mai ɗorin da kansa ya ja ni gefe ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku nemi wani wurin tun da sauran lokaci."

Matarsa Adiza, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta je ƙofar asibiti aka ce mata sai da shaidar kamfani ko kuɗin da ko kayan ɗakinta ta sayar ba za su kai ba. Ta je wurin akawu ta ce masa igiya ce ta tsinke a bakin aiki, ya ce, "Helumansu ya ce a gida ya faɗo. In a bakin aiki ne, ya zo ya faɗa gaban Bature, ya kawo igiyar da ta tsinke a gani, a ranar za a ɗauke shi." Wace igiya zan kai? Lafiyarta ƙalau, da ita muke aiki har yau.

Adiza ta same ni a ƙofar gida ta durƙusa. Ta ce, "Yaya, na san don ka tsirar masa da ƙafa ka yi haka, Allah ya saka maka. Amma yanzu ransa nake so, ko da babu ƙafar." Kun san abin da na ce mata? Na ce ta bari in yi tunani. Tunani! Mutum yana ruɓewa da ransa ni ina tunani. Zuciyata ta karye, in na ta da salla ban san raka'a nawa na yi ba.

Jiya na shiga duba shi. Ya kama hannuna da hannunsa mai zafi kamar garwashi, ya ce, "Yaya, Adiza ta gaya mini. Kada ka je, korarka za su yi saboda ni, kai kuma ba ka da laifin komai. In ta Allah ta kasance, kai nake so ka yi mini wanka, ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Na kasa kallonsa. In na je gaban Bature, yarana za su kwana da yunwa, Audu kuma zai san wanda ya kashe masa ƙafa ya kuma hana shi magani. In na yi shiru, ni zan wanke shi. Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini, me zan yi?