Na Kira Sunan Ɗan Farina, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, angon naki ya hana ni sakat. Jikanki nake nufi, wanda kika ce ke za ki yaye shi, sai Allah Ya karɓe ki tun bai yi haƙori ba. Yanzu shekararsa huɗu, kullum sai an kawo ƙararsa. Ya ciji ɗan maƙwabta, ya kwance awaki sun shiga gyaɗar mutane, malamar Islamiyya ta ce a bar shi a gida. Na yi duka, na yi lallashi, rubutu kuwa ya sha har ba adadi. Ko tuwo nake tuƙawa, kunnena yana waje. In na ji shiru ma gabana faɗuwa yake.

Ke kika koya min kunyar ɗan fari. Kin ce uwa ba ta kama sunansa, ba ta shigar masa faɗa. Na riƙe. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Ana zaginsa a gabana, sai in sunkuyar da kai, zuciyata tana tafasa.

Ranar kasuwar Ajingi za mu gidan suna, ya fizge hannunsa ya nufi titi, ga motar Kano ta taho a guje. Na yi ta cewa "Kai! Kai!", ko waiwaye bai yi ba. Ban san lokacin da bakina ya ce Habibu ba. Cak ya tsaya, Inna. Ya juyo yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Matan da muke tare suka ce na zubar da kunya a titi.

Yanzu wan babansa ya ce da an cire gyaɗa zai tafi da shi Kademi, wai ni na sangarta shi, can za a gyara shi. Ba wanda ya tambaye ni, tunda uwa ba ta magana a kan ɗan fari. Wallahi na gaji, har akwai ranar da na ji gara a tafi da shi in huta. Amma a can, wa zai kira shi ya tsaya?

Kin sha cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gobe zan ce wa wan babansa ban yarda a tafi da shi ba, da sunan yaron a bakina. Ki yafe min.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shirya min Habibu.

Taki 'yar fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Hajara