Shamuwar Tsamiyar Baba

Zuwa ga ƙanena Umaru a Gwanja, gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Hajo da yara? Mu nan Fagada lafiya lau.

Shamuwa sun dawo tsamiyar Baba, sheƙa biyar. Shekaranjiya tafinta ya zo daga Jega, wai Bature na son a harbo masa biyu, ya cusa musu auduga ya kai ƙasarsu. Na ce, "Shamuwa baƙuwa ce, ubangidanka ma baƙo ne, amma ita damina take kawo muna." Ya ce zai komo da bindiga. Na kai tabarmata da littattafaina gindin itacen, can nake wuni.

Ka gai da mutanenmu. Ka roƙa mini Allah ya riƙe harshena, ƙafata kam ba ta gusawa.

Yayarka, Kulu