Hayaƙin Bandar Inna da Ƙirjin Ɗiyata

Zuwa ga Gwaggo Rakiya,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki cece ni, Gwaggo, kafin in zama abin kwatance a bakin ruwa. Na ga kina warware wa mutane rikicin aure da na maƙwabtaka. Tawa matsalar ba ta kai waɗannan daraja ba, ta wani ƙaton namiji ce mai gemu da takardar makarantar kiwon lafiya, wanda ya kasa faɗa wa mahaifiyarsa magana ɗaya tak.

Ni ma'aikacin lafiya ne a Yelwa. Shekara guda bayan an ba mu jihar Kebbi, wani likita daga jami'a mai suna Dakta Ishaya ya zo da aikin bincike mai dogon zango. Ana ɗaukar jarirai daga tungayen masunta na bakin tafkin Kainji, a yi ta bin su har su girma, don a ga abin da hayaƙin bandar kifi ke yi wa ƙirjinsu. Ba aikin yau da gobe ba ne, an ce sai yaran sun tasa sosai kafin a san inda aka dosa. Ni kuwa an ɗauke ni ne don ɗan ruwa ne ni, a wata tunga kusa da Warra aka haife ni, kuma ba na amai a kwalekwale. Iyakar cancantata ke nan, kar in yi miki ƙarya.

Duk wata mukan zagaya ni da abokiyar aikina Christiana. Mu ɗora yaro a sikeli, mu gwada tsayinsa, mu saurari ƙirjinsa. Wanda ya yi wayo mu ba shi wani bututu ya busa da iyakar ƙarfinsa, a ga inda numfashinsa ya kai. Daga nan yara suka laƙaba mini Malam Busa, har mai kwalekwalenmu ya manta sunana na yanka. Ni ke fara busawa don in nuna musu yadda ake yi, in cika kumatu, in zaro ido, jijiyar wuya ta tashi. Abin kunya, Christiana da ko kafaɗata ba ta kai ba, in ta busa sai ta bar ni a baya. Gangaren tafki ma in na hau shi sai na tsaya ina yi kamar ina gyara takalmi. Ki riƙe wannan, zan dawo gare shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Cikin yaran da muke bi har da ɗiyata ta fari. Da aka yaye ta, Inna ta ɗauke ta riƙo kamar yadda aka saba a gidanmu, ta tafi da ita tunga. Kin san kunyar ɗan fari. Ga shi kuma sunan Inna aka sa mata, kunya ta zama biyu. Ban taɓa faɗin sunan yarinyar nan da bakina ba. A wurin aiki in layi ya zo kanta, sai in tsiri tari ko in duƙa neman murfin biro, Christiana ta kira ta. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba sai don in ɗora ta a sikeli. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, nakan ce sikelin ya yi gardama don in sauke ta in sake ɗaukarta. Sikelin nan lafiyarsa ƙalau, a kan yarinya ɗaya kawai yake lalacewa.

Inna sana'arta banda, tun kafin a haife ni. Tarwaɗarta in ta shiga kasuwar Yauri ba ta kai azahar. Murhun yana jikin ɗakin da suke kwana, kuma yarinyar ba ta rabuwa da gindinta. Ita ke miƙo itace, ita ke fifita wuta da faifai, Inna na yi mata kirari tana dariya. Wallahi suna son juna, in kin gan su sai sun ba ki sha'awa. Amma tun damina yarinyar ke tari, ƙirjinta yana kuka kamar ƙaramin usur. Wata bayan wata ina sa kunnena ina ji, ina rubutawa da kyakkyawan rubutu, in rufe jaka, in ci tuwon Inna, in hau kwalekwale.

Kar ki ce ban yi ƙoƙari ba. Daga Yelwa zuwa Warra a bayan ɗan kabu-kabu nakan tsara jawabi mai ratsa jiki, har da gabatarwa da kammalawa. Ina isa, Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta ajiye mini karfasa mai zafi daga kan waya, ta tsaya tana kallona. Sai in ji bakina yana cewa bandar bana ta fi ta bara. Jawabina ke nan, Gwaggo. Na yabi hayaƙin da na zo yaƙa, har na nemi ƙari.

Sau ɗaya na yi dabara. Na tara matan tunga duka a gindin tsamiya, na yi lacca a kan hayaƙi da ƙirjin yara, wai ina yi wa Inna hannunka mai sanda. Ita ce a sahun gaba, ita ta fi kowa gyaɗa kai. Da na gama ta juya ga maƙwabtanta ta ce su dai ji maganar ɗanta, ba a banza ya yi boko ba. Ta tashi ta kama hannun jikarta, suka koma suka hura wuta. Daga baya ta ce mini ita ba da ita ake ba, don cikin hayaƙin nan ta raine ni, ga ni nan na zama mutum. Ni da ke haki a gangaren tafki, ni ne hujjarta! Na buɗe baki in faɗa mata, sai na tuna da kifin nan ta kai ni makaranta bayan rasuwar Baba, na haɗiye maganar.

Ina da wata mafaka kuma, wadda na fi jin kunyarta. Ranar da aka horar da mu, Dakta ya ce aikinmu mu lura ne mu rubuta, kar mu je muna sauya wa mutane zamansu, in ba haka ba binciken zai rikice. Ya ƙara da cewa yaron da muka ga ba shi da lafiya mu tura shi asibiti. Na riƙe rabin farko kamar karatun sallah, na bar na biyu a aji. Yaran mutane na tura da yawa, har da faɗa da iyayensu. Da aka zo kan tawa sai na zama babban masanin kimiyya, wai kar in ɓata bincike. Laccar gindin tsamiya da na yi ban tuna da bincike ba, sai yanzu.

Matata Yasira ita ma kunyar ta ɗaure ta. In na dawo takan tambaye ni yaya mutanen tunga, in ce mata mutanen tunga suna ɗan tari. Sai ta shiga madafa ta daɗe, alhali ta riga ta gama girki. Mu biyu manya da hankalinmu muna zancen ɗiyarmu kamar labarin garin da ba mu taɓa zuwa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zuwanmu na makon jiya. Aka ba ta bututu, ta cika kumatu irin nawa, ta kasa ƙarasa busawa. Tari ya sarƙe ta har ta durƙusa, ta dafa gwiwata, ta ɗago ido ta ce wa Malam Busa ta gaji. Malam Busa ta ce, Gwaggo, kamar kowane yaro a tunga. Mata suna tsaye suna kallo. Kin san abin da jarumin naki ya yi? Na ce a kawo na gaba. Christiana ce ta ɗauke ta ta shafa mata baya. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Ga ruwa ya fara ja, kifi zai yawaita, wutar murhu ba za ta mutu ba sai an yi watanni.

In na ɗauke ta, na ci fuskar Inna a gaban tunga, na nuna ta kasa riƙo, kuma na raba tsohuwa da abin da ke sa ta dariya. In na bar ta, ban san wane ƙirji zan tarar wata mai zuwa ba. Ƙanen Inna, Kawu Ɗahiru, shi kaɗai take jin maganarsa, amma shi ma kunyar tunkararsa nake, kar a ce ga mara ta-ido yana rawar jiki a kan ɗan fari. Ki faɗa mini abin yi, ko da zagi ne zan karɓa.

Naki,
Malam Busa, daga Yelwa

*

Malam Busa,

Wa alaikumus salam. Ba zan zage ka ba, ka riga ni, kuma ka fi ni iyawa. Na yi dariya a kan sikelinka mai gardama, daga baya dariyar ta koma tausayi. Bari mu tafi kai tsaye, don yarinyar da ke durƙusawa saboda tari ba ta da lokacin jiran wata mai zuwa.

A kai ta asibiti cikin makon nan, likita ya duba ta da kyau. Ni daga nan ba zan ce hayaƙi ne kaɗai ba, kai ma ba za ka ce ba. Yana iya zama asma, yana iya zama wani abin da ke buƙatar magani na musamman. Abin da muka sani shi ne tari na watanni da kukan ƙirji ba abin rubutawa a rufe jaka ba ne, kuma ko mene ne, hayaƙi ba zai taimaka masa ba.

Maganar bincike kuwa, ka sauke wa Dakta Ishaya laifin da bai ɗauka ba. Aikinku yana da daraja, don wata rana zai amfani yaran da ba a haifa ba tukuna, kuma gaskiya ne sai da haƙuri da rashin katsalandan. Amma da bakinka ka ce ya umarce ku ku tura mara lafiya asibiti. Ka same shi ka faɗa masa komai. In an matsar da yarinya daga murhu, sai a rubuta an matsar da ita, bincike ya ci gaba. Ka kuma roƙa a bar wa Christiana awonta, don uba ba ya auna ɗansa daidai, kai ma shaida ne.

Yanzu ga Inna. Kar ka je mata da lacca, kuma kar ka ce hayaƙinta ya cuci jikarta. Matar da ta raini maraya da wannan murhu ba za ta ji haka ba sai a matsayin gori. Ina kuma zaton ta fi ka jin tarin nan, tunda ɗaki ɗaya suke kwana. Mai yiwuwa ranar gindin tsamiya ta gane sarai inda ka dosa, tsoron a raba ta da yarinyar ne ya sa ta toshe kunne. In haka ne, sai an cire mata wannan tsoron kafin ta saurari kowa.

Don haka ka je wurin Kawu Ɗahiru gobe. Al'adar da ta hana ka magana ita ce ta tanadar maka kawu don ya yi maka ita, kai ne ka ɗauki rabi ka bar rabi, kamar yadda ka yi wa maganar Dakta. Ya faɗa wa Inna ba ƙwace za a yi ba. Ita da kanta za ta rako jikarta Yelwa, ta sauka a gidanku, a duba su tare, don ita ma shekarunta a bakin wutar nan ba kaɗan ba ne. Kafin su koma, kai da samarin tunga ku tayar mata da sabon murhu nesa da ɗakin kwana, inda iska ke kwashe hayaƙi. A ba yarinyar wani aikin da zai sa ta ji ana yi da ita, ko tsaron kifin da aka shanya, ba fifita wuta ba. In likita ya ce sai ta zauna Yelwa na wani lokaci, daga bakinsa Inna za ta ji, ba daga naka ba.

Akwai abu ɗaya da kawu ba zai yi maka ba. Inna ta ce kai ne hujjarta. Ka bar gyaran takalmin ƙarya, ka bari ta gan ka kana haki a gangare, ka faɗa mata cikin ladabi tun yaushe kake haka. Uwa ce, ba za ta so jikarta ta gaji wannan ba. Kai ma ka sa a duba ka.

Kunyar ɗan fari kyakkyawar tarbiyya ce, ban ce ka yar ba. Ta hana ka kiran suna da rawar kai a gaban manya, ban taɓa jin ta hana uba kai ɗansa magani ba. Ka zauna da Yasira kuma, ku yi maganar ɗiyarku a matsayin ɗiyarku, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ta gaji da kuka a madafa ita kaɗai.

Ranar da za ka je ɗauko su, ka bar jaka da bututu da sikeli a gida. In yarinyar ta gaji a gangaren tafki, ka saɓa ta a kafaɗa ko duk tunga na kallo, in ya so ku yi hakin tare. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara wa Inna nisan kwana, ya sanyaya zuciyar Yasira, kai kuma ya nuna maka ranar da za ta kira ka Baba.

Taku,
Gwaggo Rakiya